Ranar Ƙafa Ba Ranar Kunne Ba Ce

Ranar Talata, yau mako biyu ke nan, na ɗauki tarina na kai shi asibiti, na dawo da shi gida ba wanda ya taɓa shi. Kilomita saba'in zuwa, saba'in dawowa, a tsohuwar a-kori-kurata mai shan mai kamar da gayya. Tarin nan ya kwana goma sha biyu yana hana matata Noeleen barci, har ta ce ko dai in kai shi wurin likita, ko in kwashi bargona in koma rumfar askin tumaki mu kwana tare da shi. To na kai shi. Kuskurena ɗaya, ranar ƙafa na kai shi.

Ga waɗanda ciwon suga bai ziyarta ba tukuna, bari in ɗan yi muku bayani, don ku ma kuna kan layi. Duk bayan wata uku, mu masu suga da hawan jini mukan je asibitin garinmu na Wandoolie. Nas ɗinmu Raelene ta sa mu cire takalmi, ta riƙa tsikarar yatsun ƙafarmu da wani siririn tsinke tana tambaya ko mun ji. Ta ɗora mu a sikeli, ta auna jini, ta tambayi biskit nawa muke ci da shayi, mu yi mata ƙarya, ta rubuta ninki biyu. Daga nan sai a miƙa mu ga Dakta Wije, ya duba takardar da ake kira tsari, ya sa hannu cewa har yanzu sugan yana nan bai je ko'ina ba. A littafin manyanmu na babban birni, sunan wannan rana ya kai tsawon shingen gona. Mu dai ranar ƙafa muke ce mata.

Da na isa kantar asibitin sai na tarar da Sharna, yarinyar da ke karɓar marasa lafiya. Na san ta tun tana zanin goyo, na yi wa kakanta askin tumaki shekara goma sha tara.

Na ce, "Sharna, tun da dai na zo, zan ɗan nuna wa dakta tarin nan."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Da bironta ta nuna mini takardar da aka manna a bango. "Yau ranar tsarinka ce, Des."

"Na sani. Ai ƙirjin da ƙafar tare suka zo, mota ɗaya."

"Lambarsu daban."

"To in yi yaya da tarin?"

"In sa maka Alhamis. Ba ta wannan makon ba, ta cika. Ta mako uku masu zuwa."

Na yi tari a gabanta, mai kyau, tun daga ƙasan ciki, don ta san ba zuƙi nake ba. Ta turo mini kwalin tishu ta ce, "Sannu. Ƙarfe goma da kwata ya yi maka?"

Kada kowa ya ga laifin Sharna. Yarinyar kirki ce, ba ita ta rubuta doka ba. Yadda Raelene ta taɓa fayyace mini, duk abin da likita ya yi maka yana da lamba, kuma da lambar nan ake biyan asibiti daga sama. Ganin likita na yau da kullum, lamba guda. Duba tsarin mai suga, wata lambar. Tsikarar ƙafa da nas ke yi, ita ma da tata, kuma an ƙidaya sau nawa za a tsikare ka a shekara. To Mai Girma Sarkin Lambobi, Allah ya ƙara masa sanyin ofis, ya zauna ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa lambar tsari da lambar ganin likita ba sa shiri. Ba za su haɗu a jikin mutum ɗaya rana ɗaya ba. Idan dakta ya duba takardarka kuma ya saurari ƙirjinka, ɗaya za a biya, ɗayan kuma sadaka ya yi.

Ni fa na yaba da wannan basira. Shekarata saba'in da huɗu ina yawo da jikin nan, ban taɓa sanin gunduwa-gunduwa yake ba sai da Mai Girma ya wayar mini da kai. Na tabbata shi nasa jikin yana da tarbiyya. Ranar Litinin gwiwa ta yi ciwo, ta bari sai Laraba kafin maƙogwaro ya karɓa. Kuma na tabbata likitansa yana hawa na biyu a benen da yake aiki, in an ce ya dawo gobe, lif kawai zai danna. Mu nan likitanmu sau biyu yake zuwa a mako, Talata da Alhamis, sauran ranakun yana wasu garuruwa uku yana raba kansa.

An dai bar wata 'yar ƙofa a dokar. An ce idan sabon ciwon irin wanda ba zai iya jira ba ne, dakta ya rubuta haka, a biya duka biyun. Bara Dakta Wije ya riƙa bin ƙofar nan, saboda ya san nisan gidajenmu. Sai ga wasiƙa daga Wazirin Bin Diddigi, cikin ladabi da girmamawa, tana taya shi murnar cewa ya fi takwarorinsa samun ciwon da ba ya jira, tana kuma roƙon ya zo da bayani. Bawan Allah ya yi wata biyu yana haƙo fayil. Tun daga nan takardar nan ta hau bango.

Amma ba don tarina nake wannan rubutu ba. Tari ai tari ne. Maganar ta Clarrie ce.

Clarrie Voss maƙwabcina ne, gonarsa ce ke bin tawa, kilomita shida tsakanin ƙofa da ƙofa. Shekararsa saba'in da tara, shi ma suga, don haka muka daidaita ranar ƙafarmu ta zama ɗaya, mu tafi a motata mu raba kuɗin mai. Duk faɗin Ostareliya ban san mutum mai shanye ciwo kamarsa ba. Na taɓa ganin waya ta fizge masa rabin ɗan yatsa muna gyaran shinge, ya ɗaure da hankici, ya ce mu ƙarasa layin tukuna tun da rana ba ta yi zafi ba. In ka tambaye shi lafiya, amsa ɗaya ce tun muna samari: "Ba komai." Kuma yana da wani hali na biyu. Zai zagi doka tun daga gida har gari, ya zagi wanda ya kafa ta da wanda ya buga ta a takarda, amma in ya isa gabanta sai ya bi ta sau da ƙafa. Mutumin da ke tsayawa cak a alamar tsayawa, a mararrabar da mota uku ke wucewa a wuni.

Sai malafarsa. Kusan ba wanda ya taɓa ganin tsakar kan Clarrie sai matarsa Dulcie, wadda ke yi masa aski a baranda duk ƙarshen wata. Shekara biyu ke nan da rasuwarta. Ranar jana'izarta ne kawai na ga ya cire malafar, ya riƙe a ƙirji, ana gamawa ya mayar. Tun daga nan shi ke yi wa kansa aski, ba madubi. Malafar ta ɗan yi masa yawa, takan sauko ta rufe saman kunnuwansa. Wajen bikin Ista, a watan Afrilu, na lura ya fara karkata ta gefen hagu. Har na tsokane shi na ce ko wata bazawara ce a ƙungiyar matan coci ta sa ya fara gayu. Ya ce in kula da harkar gabana.

To safiyar Talatar nan, da muka zo ƙofar gonarsa ya sauka ya buɗe, sai iska ta ɗaga malafar. Ya cafe ta tun ba ta kai ƙasa ba, amma na riga na gani. A saman kunnensa na hagu akwai wani baƙin abu kamar faɗin farcen babban yatsa, gefensa a tattare, yana tsattsafo da jini. Cikin malafar duk ya yi tabo.

Duk wanda ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin ranar ƙasar nan ya san abin da irin wannan tabo kan zama. Ƙanena da shi ya tafi, a gadon bayansa ya fito.

Da ya shigo mota na ce, "Mene ne wannan a kunnenka?"

"Ba komai."

"Ba komai ne ke zubar da jini?"

"Waya ce ta karce ni."

"Tun Ista wayar take karce ka?"

Muka wuce gadar rafi. Can ya ce, yana kallon taga, "Na so in nuna musu a watan Yuli. Yarinyar ta ce ranar tsari ce, in sa wata rana."

"Ka sa?"

"Kai za ka sake kwaso ni kilomita ɗari da arba'in saboda ƙurji? Ga haihuwar tumaki a lokacin."

"To yau za ka nuna."

"Yau ma ranar tsari ce. An rubuta a bango, ko ba ka iya karatu ba?"

Abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne ranar Juma'a Clarrie zai tafi arewa wurin 'yarsa, gonar shanu, wata huɗu. Can in damina ta sauka hanya yankewa take yi, likita sai ta jirgi. Idan ba a ga kunnen nan ranar Talatar nan ba, ba mai ganinsa sai baɗi. Na faɗa masa haka. Na faɗa masa zancen ƙofar da aka bari a doka, cewa in ya ce abin ba zai jira ba za a duba.

Ya ce, "Ai yana jira. Ga shi nan yana jira."

Sannan ya juyo ya nuna ni da guntun yatsan nan nasa. "Kuma in ka buɗe baki ka kai ƙarata wurin nas ɗin nan, Des, ni da kai shi ke nan. Ka yi mini alkawari."

Ku da kuka san garin nan kun san ba a kai ƙarar aboki. Tun a makaranta muka sha bulala a kan haka. Na yi masa alkawari ba zan ce uffan a kan kunnensa ba. Sauran tafiyar ba wanda ya tanka, sai tarina.

Bayan na gama da Sharna, ni aka fara kira. Raelene ta haura shekara hamsin, ta yi aiki a asibitocin daji inda ita ce nas, ita ce ungozoma, ita ce mai gyaran janareta. Duk wanda ya haura saba'in a garin nan "samari" take ce masa. Ta tsikari yatsuna, na ce na ji. Ta tambayi biskit, na ce biyu, ta rubuta huɗu. Na hau sikeli.

Ina tsaye a kai na ce, "Raelene, tambaya gare ni, ta ilimi."

"Ina ji, saurayi."

"Malafa tana da nauyi?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Gani na yi ni kina sa ni in cire takalmi da bel, har makullin mota. Amma akwai wani a garin nan da kike aunawa da malafarsa shekara da shekaru. Ni dai ban ga adalci a ciki ba."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Na dubi silin.

"Des, akwai abin da kake son faɗa mini?"

"Babu. Na yi alkawari babu."

Ta ɗan jima tana kallona. Sai ta ce, "Zauna can bayan labule ka sa takalminka. Kada ka yi sauri, ka san jininka."

Ban taɓa ɗaure igiyar takalmi a hankali kamar ranar ba. Ina ji ta leƙa ta kira Clarrie. Ta tsikare shi, ya ce ya ji. Biskit, ya ce ɗaya, na ji biro yana tafiya. Sai ta ce ya hau sikeli.

"Malafar, saurayi."

"Me ta yi?"

"Cire ta."

"Shekara nawa kina auna ni da ita?"

"Sabuwar doka ce daga sama," in ji Raelene, muryarta ko rawa ba ta yi ba. "Wannan watan ta fito. Ba a auna mai suga da komai a kansa. In na rubuta nauyinka da malafa, ba za su karɓi lambar ba, sai ka sake dawowa."

Na toshe bakina da safa don kada tari ko dariya ya tona ni. Clarrie ya fara. Ya ce waɗannan mutane ba su da aikin yi. Ya ce wanda ya zauna ya ƙirƙiro wannan bai taɓa ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi ba. Ya ce saura su ce a cire haƙoran roba. Ya yi kusan minti biyu yana yi musu wankin babban bargo. Da ya gama, ya cire malafar.

Sai na ji Raelene ta ce, a hankali, ba wasa a muryar, "Sauko ka zauna nan, Clarrie." Ta buɗe ƙofa ta kira dakta.

Dakta Wije, cikakken sunansa Wijeratne, amma shekara goma sha ɗaya da zuwansa daga Sri Lanka ba wanda ya iya ƙarasa shi a garin nan, shi ma ya haƙura. Ɗan siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. Ya shigo da 'yar fitilarsa mai gilashi, ya daɗe a kan kunnen. Ni kuma na ɗan ja labule da yatsa.

Ya ce, "Mista Voss, yana yi maka ciwo?"

"Ba komai."

"Tun yaushe yake nan?"

"Kwanan nan."

Daga bayan labule tarina ya kubce, ba da niyya ba, Allah ya sani. Clarrie ya harari labulen. Ya ce, "Wajen Ista."

Dakta ya ƙirga da yatsu, ya sauke numfashi. Ya dubi Raelene ya ce, "Kin ga matsalar. In na rubuta musu cewa ba zai iya jira ba, za su tambaye ni yaya abin da ya jira wata shida ya kasa jiran Alhamis. Ga mai shi kuma ya ce ba komai."

Clarrie ya miƙa hannu zai ɗauki malafarsa. "To kun gani. A yi abin da ya kawo ni, in na dawo daga arewa a duba."

Raelene ta riga shi, ta ɗora malafar a saman kabad inda sai da tsani.

Dakta ya ɗauki takardar tsarin Clarrie, wadda Raelene ta ɓata rabin awa tana cikawa, ya mayar da ita cikin fayil ba sa hannu. Ya ce, "Yau ba ranar tsarinka ba ce, Mista Voss. Na ɗaga ta. Yau ganin likita ka zo. Raelene, shirya mini tiren kayan aiki."

Clarrie ya ce, "Amma an rubuta a bango."

"An rubuta ba a haɗa biyu. Ban haɗa ba. Kwanta ta gefen dama."

Abin da bai faɗa ba, Raelene ce ta gaya mini daga baya, shi ne lambar da ya ajiye ta fi wadda ya ɗauka tsoka, kuma aikin da ita ta yi da safen nan ya tafi a banza, sai an sake shi. A nan aka kore ni waje, da takalmi ɗaya a ɗaure. Minti arba'in ina zaune gaban Sharna ina tari, layin masu ƙafa yana ta tsawo, kowa na tambayar me ya tsayar da dakta. Da Clarrie ya fito, kunnensa na naɗe da farin bandeji kamar an ɗaura masa ƙwai, malafar tana hannunsa saboda ba ta shiga. An yanke abin, ɗinki biyar, an sa a kwalba za a aika birni a gwada. Dakta ya ce zancen arewa a ajiye shi tukuna.

Mutanen da ke zaune suka zuba wa kansa ido. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe sanƙo ne da kai, Clarrie." Bai kula ta ba. Ya tsaya a gaban kantar Sharna, ta ba shi ranar da zai dawo a tabbatar masa cewa yana da suga.

Ni kuwa da aka shigar da ni wurin dakta, ya sa hannu a tsarina, na yi masa tari sau biyu. Ya ce, "Yau ba na jin tari, Mista Kittelty." Sai da na kai bakin ƙofa ya ce, yana kallon kwamfutarsa, "Da ina ji, da na ce ba daga huhu yake ba, zuma da ruwan ɗumi. In ka ga zazzaɓi ka bugo waya. Amma ban ji ba."

A hanyar gida mun tsaya mun sayi mitfai ɗai-ɗai, irin gashin fulawa mai nama a ciki, abin da Raelene ta hana mu duka biyu. Clarrie ya ci nasa yana mita. An yanke masa kunne ba shiri. An ɓata masa tafiya. Ga wata dawowar, ga mai. Ga dokar malafa, wadda ya ce zai rubuta wa manya wasiƙa a kanta. Ya juyo ya ce, "Kai ka faɗa mata."

"Na ce wani abu a kan kunnenka?"

"To yaya aka yi?"

"Doka ce daga sama, ai kai ma ka ji."

Ya yi tsaki ya ce ƙasar nan ta lalace.

Ranar Alhamis da ta wuce muka koma, a warware ɗinki, a sake tsikarar ƙafa, a sa hannu a tsari. Kada ku tambaye ni lamba nawa aka haɗa a ranar, na ga dai Sharna da Raelene sun haɗa kai a kan kwamfuta kamar masu kwance bam. Sakamakon gwajin ya iso. Ciwon daji ne, irin wanda ya ɗauke ƙanena. Amma dakta ya ce bai yi zurfi ba, an tare shi da sauran dama. Za a tura shi birni a ƙara yanke gefen don a tabbatar, daga nan sai a riƙa dubawa. Clarrie ya tambaya, da ya tafi arewa ya dawo fa? Dakta ya ce, "Da wata hirar muke yi, ba wannan ba."

A dawowa bai yi mita ba, bai zagi kowa ba, har abin ya dame ni. Da muka iso ƙofar gonarsa ya sauka ya buɗe. Maimakon ya shigo sai ya tsaya a gefen tagata, ya dafa ƙofar da hannun nan mai guntun yatsa. Ya daɗe yana kallon barandar gidansa, inda kujerar askin take har yanzu.

Ya ce, "Yana ciwo fa, Des. Tun Ista ban kwanta ta gefen nan ba."

Shekara sittin da sanina da shi, ban taɓa jin ya ce wani abu yana ciwo ba. Idona ya cika. Ya ƙara da cewa, "Da Dulcie na nan, da tun makon farko ta gani." Sai ya buga rufin motar sau biyu ya ce in tafi, zai ƙarasa da ƙafa.

Ya Mai Girma Sarkin Lambobi, ranka ya daɗe, na san ka kafa dokarka ne don kada wani likita ya ci biyu a aiki ɗaya, kuma na san akwai masu yi. Amma ka yi lissafinka ne da mutanen da in an ce su dawo gobe suke dawowa. Mu nan in ka ce wa mutum yau ba ranar ciwonsa ba ce, godiya zai yi maka, ya ja malafa ya rufe, ya koma gona. Cikin duk dokokin da aka ce daga wurinka suka sauko, wadda ta ceci maƙwabcina ita ce wadda ba kai ka rubuta ba.

Noeleen ta ce in rufa wa Raelene asiri kada Clarrie ya karanta wannan. Na ce ta kwantar da hankalinta, shekara tara ina rubutu a jaridar nan, shi kuwa hura murhu yake yi da ita. Har yanzu yana nan yana neman adireshin da zai aika ƙorafinsa a kan dokar malafa.

Na so in roƙi Mai Girma ya karɓi dokar nan ta Raelene ya mai da ita ta gaske, duk ƙasa. Sai na tuna halinsa. Zai ba ta lamba, sannan ya gano cewa ba a cire malafa da takalmi rana ɗaya. Gara a bar ta a hannun Raelene.

Tarina kuwa ya warke da kansa tun ranar Lahadi. Ina da ganin likita Alhamis ta mako mai zuwa, ƙarfe goma da kwata, ga lamba a shirye ba ciwon da zan sa a ciki. Na ce wa Noeleen zan soke. Ta ce ban isa ba, in je in cire riga a duba mata bayana.